Jagorar Ninja Gaiden 2 Black: yadda ake kai Ryu Hayabusa ƙarshen tafiya da ransa

A ranar 23 ga Janairu 2025 kamfanin Koei Tecmo na ƙasar Japan ya fitar da wasan bidiyo na Ninja Gaiden 2 Black, wanda sashensa mai suna Team Ninja ya sake ginawa da injin zane na Unreal Engine 5. Asalin wasan ya fito a 2008 a kan Xbox 360, ƙarƙashin jagorancin Tomonobu Itagaki. A 2009 aka yi masa kwaskwarima da sunan Sigma 2 a kan PlayStation 3, inda aka rage yawan abokan gaba, aka ƙara musu taurin rai, aka kuma rage zubar jini. Wannan sabon ya tsaya tsakanin biyun: ya ɗauki babi 17 da ƙarin jarumai mata na Sigma 2, ya kuma dawo da jinin da yankewar gaɓoɓin da aka san asalin da su, tare da ƙarin abokan gaba a fage.

Akasarin matasan da ke zama gaban allo a nan Maradi, daga Zariya har Ali Ɗan Sofo, hannunsu ya fi sabawa da wasan ƙwallon ƙafa, inda saurin danna maɓalli yake rufa wa mutum asiri. Wanda ya shigo wannan wasan da wannan ɗabi'a ba zai wuce babi na biyu ba sai ransa ya ɓaci. Abin da wasan yake so a koya shi ne cewa akwai ƴan daƙiƙoƙin da babu makamin da yake taɓa Ryu Hayabusa, ninjan da kake sarrafawa, kuma gwani shi ne wanda yake fita daga ɗaya irin wannan lokaci ya faɗa cikin wani ba tare da ya tsaya a fili ba. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na isa ga wannan.

Kafin a fara

Wasan yana tafiya a kan PlayStation 5, da Xbox Series X da S, da kwamfuta mai ƙarfi. Ba ya tafiya a kan PlayStation 4. Wanda ita ce a hannunsa, ya nemi Master Collection na 2021, wanda yake ɗauke da Sigma 2, domin kusan duk abin da zan faɗa yana aiki a can ma. Sauke wasan yana cin gigabait gomomi, saboda haka a yi shi inda intanet take da ƙarfi, ko da dare lokacin da layi ya yi sauƙi. A kuma sani cewa wasan manya ne, ana sare kawuna da hannaye a fili, bai dace a kunna shi yara suna zaune ba.

Abu biyu za a gyara tun kafin a zare takobi. Na farko, a shiga saitin talabijin a kunna yanayin wasa, domin talabijin da yawa suna ƙawata hoto kafin su nuna shi, wannan ɗan jinkirin kuwa ya isa ya sa ka tare sara bayan ya riga ya same ka. Idan an ba ka zaɓi tsakanin kyawun hoto da santsin motsi, ɗauki santsin motsi. Na biyu, a kula da na'urar kanta. Zafin watan Afrilu da Mayu a Maradi yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe kafofin shan iska, don haka kada a cusa na'urar cikin kabad, a bar mata sarari, a riƙa goge ta. Wanda yake da abin riƙe wuta na ƴan mintoci, ya haɗa shi, tunda ɗaukewar lantarki ba ta sallama.

Game da matakin wahala, shawarata ita ce a fara da matsakaici. Akwai yanayin Hero, wanda yake tarewa da kaucewa a madadin ɗan wasa idan ransa ya yi ƙasa. Ba abin kunya ba ne ga mai son ganin labari kawai, amma yana hana hannu koyon abin da ake buƙata daga baya, kuma wanda ya saba da shi zai sha wuya ranar da ya bar shi.

Mataki na farko: tsaro da kaucewa

Maɓallin tsaro yana kafaɗar hagu ta manet, kuma nan ne gidan ɗan yatsanka a duk tsawon wasan. Idan ka shiga sabon fage, kada ka fara da sara. Riƙe tsaro, ka bar abokan gaba su zo, ka ƙirga su, ka ga wanda yake da takobi da wanda yake harbi daga nesa. Ryu yana tare sara daga kowace fuska, ko da ta bayansa aka zo.

Sai dai tsayawa wuri ɗaya da tsaro yana da iyaka. Sara mai nauyi yana karya shi, kuma kamu ba ya taruwa sam: ninja zai cafke ka, ya kayar da kai, ya soka maka wuƙa, kana riƙe da maɓallin. Dokar da za ka bi ita ce, kada ka tare fiye da sara biyu ko uku a wuri guda. Kana riƙe da tsaro, ka tura sandar hagu gefe, Ryu zai zille da sauri. Da zarar ya gama zillewa, danna tsalle. Da ya dira, sake zillewa. Wannan zille da tsalle, a jere ba tsayawa, shi ne tafiyar gwanaye a cikin yaƙi, kuma ya kamata ka yi ta maimaita shi a wurin da babu kowa a babin farko, a saman gine-ginen Tokyo, har hannunka ya riƙa yi ba tare da ka yi tunani ba.

Kyamarar wasan tana da taurin kai, musamman a lunguna da ƙananan ɗakuna, kuma sabon zanen bai raba ta da wannan hali ba. Ka saba da danna maɓallin da yake maido da ita bayan Ryu bayan kowace kaucewa. Idan ba ka ganin abokin gaba, ka ɗauka yana dab da kai.

Mataki na biyu: yanke gaɓa, sannan a ƙarasa

Wannan ne ginshiƙin wasan, don haka zan daɗe a kansa. Duk saran da Ryu ya kai yana iya cire wa abokin gaba hannu ko ƙafa. Sabon ɗan wasa yakan ga ninja ya rasa ƙafa yana jan ciki, sai ya juya ga masu lafiya, yana ganin wancan ya gama yawo. Alhali wanda aka yanke wa gaɓa ya fi kowa haɗari a fagen, domin ya riga ya fid da rai: zai rarrafo, ya ɗare kanka, ya tayar da abin fashewa a jikinku duka biyu, ya tafi da babban kaso na ranka.

Maganinsa sauƙi gare shi. Ka matsa kusa da shi, ka danna sara mai nauyi sau ɗaya, wato alwatika a PlayStation ko Y a Xbox. Ryu zai ƙarasa shi nan take, komai yawan ran da ya rage masa. Amfanin bai tsaya ga kisan ba. A duk tsawon lokacin da Ryu yake wannan ƙarasawa, babu abin da yake cutar da shi, ko kibiya, ko roka, ko takobi. Kyamara takan matso kusa, ka sami numfashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka hango inda sauran suke. Saboda haka wanda ya iya wasan yakan mai da guragun fage tamkar mafaka: idan ya ga an kewaye shi, sai ya zille zuwa ga mai hannu ɗaya, ya ƙarasa shi, hare-haren da aka auno masa su wuce a banza.

Tsarin da za ka bi a kowane faɗa da ƙananan abokan gaba ke nan: sara biyu ko uku masu sauri, ka duba ko gaɓa ta faɗi, idan ta faɗi, ƙarasa, idan ba ta faɗi ba, zille, ka sake dawowa. Dogayen jerin sara masu ban sha'awa da ke cikin littafin dabaru, ka bar su sai abokin gaba ya rage ɗaya, domin idan ka fara su ba ka iya tsayawa a tsakiya, na bayanka kuma ba zai jira ka gama ba.

Mataki na uku: dabaru biyu na sama

Ta farko ita ce shirgin tsattsewa. Ka yi tsalle zuwa ga abokin gaba, kana sama ka danna sara mai nauyi, Ryu zai tsaga iska ya wuce ta wuyansa. Yana yawan cire kai ko hannu, yana kuma fitar da kai daga tsakiyar taro zuwa gefe. Kada ka mai da shi abincin kullum, domin manyan abokan gaba suna tare shi, kuma akwai ɗan lokacin da Ryu yake tsaye a buɗe bayan ya dira.

Ta biyu ita ce kayen Izuna, wadda a ganina babu dabarar da ta fi ta amfani a kan abokan gaba masu siffar mutane. Da takobin Ryu, jerin maɓallan shi ne murabba'i, alwatika, murabba'i sau uku, sannan alwatika. A Xbox kuwa X, Y, X, X, X, Y. Sara na biyu yana cilla mutum sama, Ryu ya bi shi, ya sassare shi a iska, ya rungume shi, ya juyo da shi ya kafa kansa a ƙasa. Wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Maradi ya ga an ɗaga ƙato an maka shi da ƙasa zai gane abin da ido, kuma kamar a can, gaggawa ce take ɓata kaye: a danna maɓallan da kari, ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗe ba. Yawancin ƙananan ninjoji ba sa tashi bayansa, faɗuwar kuma tana taɓa na kusa. Idan ka gwada bai fita ba, buɗe jerin dabarun makamin, domin wasu dabarun ba sa buɗewa sai an ɗaga darajarsa.

Akwai ƙaramin taimako ga masu kuskuren saiti a tsalle: danna tsalle da sara mai sauri a lokaci guda, Ryu zai yi tsalle kai tsaye zuwa ga wanda ya fi kusa da shi.

Mataki na huɗu: ƙwallayen haske da babban sara

Duk wanda ka kashe yana barin ƙwallon haske. Rawaya kuɗi ne, shuɗi yana ƙara rai, ja yana cika ƙarfin sihirin ninja da ake kira ninpo. Da ka tsaya kusa da su, sai su shige jikin Ryu da kansu. Amma muddin kana riƙe da tsaro, ba sa shiga, suna nan suna shawagi. Wannan ƙaramin bayani shi ne mabuɗin dabara mafi ƙarfi a wasan.

Idan ka riƙe sara mai nauyi, Ryu yana tara ƙarfi hawa biyu, idan ka saki sai ya afka wa abokan gaba da jerin saran da ba a iya katsewa, kuma ba a iya cutar da shi har ya gama. Matsalar ita ce tarawar tana ɗaukar lokaci, abokan gaba kuma ba sa ba da shi. To, idan akwai ƙwallayen haske a kusa, tarawar tana zuƙe su, ta cika nan da nan. Hanya mafi sauri kuwa ita ce ta dira: ka yi tsalle, a daidai lokacin da ƙafar Ryu take taɓa ƙasa ka danna sara mai nauyi ka riƙe. Idan ka dace da lokacin, zai zuƙe ƙwallayen a take, sai ka saki.

Ga yadda abin yake a aikace. Ninjoji biyar sun kewaye ka a farfajiyar gidan Hayabusa, wuta tana ci a bayanka. Ka yanke wa ɗaya hannu, ka ƙarasa shi, ƙwallo rawaya ya fito. Maimakon ka bar shi ya shige ka, sai ka riƙe tsaro, ka zille, ka yi tsalle, ka dira da alwatika a danne. Haske ya zagaye takobin, ka saki, mutum biyu sun tarwatse, sun bar sababbin ƙwallaye. Ka sake tsalle, ka sake dira. Haka ake share fage ba tare da an karɓi sara ko ɗaya ba, kuma waɗanda aka kashe ta wannan hanya sun fi barin kuɗi.

Hattara da abu ɗaya: ƙwallon da ka zuƙa don babban sara ya tafi ke nan. Idan shuɗi ne kuma ranka ya yi ƙasa, saki tsaro ka bar shi ya warkar da kai. Lokacin dirar nan yana da wuyar kamawa da farko, kuma na fi son mutum ya ɓata maraice guda a kansa shi kaɗai da ya ci gaba da tafiya bai iya ba, domin daga tsakiyar wasan zuwa ƙarshe kusan kowane babban faɗa yana neman sa.

Rai, magani da shagon Muramasa

Ma'aunin ran Ryu kashi biyu ne. Idan faɗa ya ƙare, wani sashe na abin da ka rasa yana dawowa da kansa, amma jan sashen da yake taruwa a ƙarshen ma'aunin ba ya dawowa sai da magani, ko shuɗin ƙwallo, ko mutum-mutumin adana wasa, wanda yake cika rai gaba ɗaya a karon farko da ka taɓa shi. Saboda haka kada ka sha magani bayan faɗa kafin ka leƙa gaba kaɗan, wataƙila wurin adanawa yana bayan kwana. Kuma duk inda ka gan shi, ka adana, ko da minti biyar ke nan da ka yi, saboda wanda wuta ta ɗauke masa a tsakiyar babi ya san dalili.

Kuɗinka na rawaya, tsohon maƙeri Muramasa ne yake karɓa, a kan magunguna da ɗaga darajar makamai. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba kuɗi a kan kowane makami da aka tsinta. Fara da takobin Ryu, sannan ka zaɓi ɗaya ka kai shi ƙarshe. Sandar Lunar, wadda ake samu tun farko, tana da kyau idan an yi maka taron dangi, babban saranta kuma yana share wuri mai faɗi. Faratan ƙarfe da ake ɗaurawa a hannu da ƙafa suna da sauri kuma suna cire gaɓoɓi sosai. Babban laujen da ake karɓa bayan an kayar da Volf, ɗaya daga cikin manyan abokan gaba, shi ne maganin manyan dodanni masu kauri. Ragowar kuɗin a sayi magani kafin kowane babban abokin gaba. A riƙa buɗe akwatuna da duba gawarwakin da ke kan hanya, domin a nan ake samun abubuwan da suke tsawaita ma'aunin rai da ƙara ƙarfin ninpo.

Shi ninpo, ana tayar da shi da alwatika da da'ira a haɗe, ko Y da B. Ban da ɓarnar da yake yi, Ryu ba ya cutuwa yayin da yake yin sa, don haka ka ɗauke shi a matsayin ƙofar gudu lokacin da aka matse ka a lungu.

Manyan abokan gaba

Labarin yana bin Ryu yana farautar Genshin, shugaban ninjojin Baƙin Gizo-gizo, da Elizébet, waɗanda suka sace wani gunki daga ƙauyen Hayabusa don tayar da babban iblis. A hanya akwai Alexei mai tsawa a birnin New York, da Volf mai hannu huɗu a birnin ruwa mai kama da Venis, da Zedonius mai wuta. Kowannensu da salonsa, amma ƙa'ida ɗaya ce take aiki a kansu duka: karon farko da ka shiga, kada ka sa ran nasara, ka shiga kallo. Ka tare, ka zille, ka lura da inda jerin saransa yake ƙarewa, domin a nan ne yake buɗewa na ɗan lokaci. Ka kai sara biyu ko uku, ka fice, ko da ka ga kamar akwai damar na huɗu. Wannan na huɗun shi ne yake jawo kamu, kamun manya kuwa yana iya cinye kusan rabin rai.

Genshin ne malamin gaskiya a wasan, tunda za ka haɗu da shi fiye da sau ɗaya, kuma yana yaƙi irin na Ryu: yana tarewa, yana zillewa, yana rama sara. Kada ka tsaya gaba da gaba da shi kuna musayar takobi. Zille zuwa gefensa bayan ya gama jeri, ka sara, ka ja da baya. Masu tashi sama, irin su Zedonius, a yi musu amfani da baka idan sun yi nisa, a jira su sauko kafin a zare makami. Idan ran babban abokin gaba ya kusa ƙarewa ya durƙusa, matsa ka danna sara mai nauyi, domin da yawansu ana ƙarasa su kamar yadda ake yi wa ƙanana. Kuma ka saba da riƙe tsaro bayan faɗuwar kowane ƙaton dodo: a asalin wasan na 2008 akwai wanda yake fashewa bayan ya mutu, ya tafi da ɗan wasan da ya riga ya ajiye manet yana murna.

Idan a fada kuke wasan, kuna karɓa-karɓa, ku yi yarjejeniya cewa wanda ya mutu sau uku a wuri ɗaya ya miƙa wa na kusa. Mai kallo yana ganin alamun harin da mai riƙe da manet ba ya gani, hannun da ya yi zafi kuma kuskure ɗaya yake ta maimaitawa.

Babuka uku na mata

A babuka uku, jarumai mata kake sarrafawa maimakon Ryu. Momiji tana da doguwar sanda mai kaifi da tsalle hawa biyu, Rachel tana da ƙatuwar guduma da bindiga amma ba ta da sauri, Ayane kuwa gajerun wuƙaƙe biyu gare ta da saurin da ya fi na Ryu, sai dai dole ta matsa kusa. Tsaro, ƙarasawa da babban sara duk suna aiki a hannunsu kamar yadda aka bayyana. Ka buɗe jerin dabarun kowacce a farkon babinta, ka zaɓi biyu, sun ishe ka.

Hawa zuwa mataki na gaba

Bayan an gama wasan a matsakaici, kada a yi tsalle zuwa Master Ninja, matakin da ya fi kowanne wahala, a bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake canzawa ba yawan ɓarna kaɗai ba ne: abokan gaban da ka saba gani a ƙarshe suna fitowa tun farko, cikinsu har da ninjojin da suke jifa da ƙananan wuƙaƙe masu fashewa, waɗanda suke maƙalewa a jiki su tashi bayan ɗan lokaci. Idan ɗaya ta maƙale maka, ka daidaita lokacin fashewarta da ƙarasawa, ko babban sara, ko ninpo, sai ta tashi ba ta yi maka komai ba. Su ne za ka fara kashewa a kowane fage, kafin masu takobi. Alamar cewa ka shirya hawa ita ce ka koma babi na ɗaya da na biyu ka wuce su ba ka sha magani ba, kana iya fitar da babban saran dira duk lokacin da ka so. Idan hakan bai samu ba tukuna, sake bin babukan nan biyu da takobi kaɗai, ka bar sauran makaman a jaka.